Jakin Floyd Rose Original: makaɗi na jin daɗi, mai gyara na shan aiki

Ka faɗa wa mai gyaran jita da ke bin ƙungiyar rok yawon wasa cewa makaɗinsa yana amfani da jakin Floyd Rose, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a jikin jita, mai sandar sauya murya, abin da zai fara tambaya shi ne jita nawa za a ɗauka. Yana da hujja.

Floyd D. Rose, Ba'amurke, ya yi wa wannan jaki rajista a 1979, makaɗin jita Eddie Van Halen da jitocin kamfanin Kramer suka yaɗa shi a farkon shekarun 1980. Dabarar ita ce a ɗaure tsirkiya ta kai biyu, a wuya da kuma a kan jaki, yadda ba ta da wurin zamewa. Makaɗi ya danna sandar har tsirkiyoyi su yi laƙwas, ya saki, murya ta koma daidai inda take. A wannan fanni samfurin Original, wanda kamfanin Schaller na Jamus ya daɗe yana ƙerawa, ba shi da abin kushewa.

Matsalar tana wajen awo. Jakin lilo yake yi a kan ƙusoshi biyu, tsirkiyoyi shida na jan sa gaba, sifirin na bayan jita, galibi uku, na jan sa baya. Tsirkiyoyi masu lamba 9 zuwa 42 suna ja da nauyin kusan kilo 38, masu 10 zuwa 46 kuwa kusan kilo 46. Ka canza daga na farko zuwa na biyu ba ka taɓa sifirin ba, sai gindin jakin ya ɗaga sama kamar kunama. Maganin shi ne a buɗe murfin baya, a ƙara ɗaure sukuru biyun da ke riƙe da maratayin sifirin, kwatan juyi kowanne, a sake saita murya, a duba, a maimaita har farantin ya kwanta daidai da fuskar jita.

Wannan awon ne ke sa tsinkewar tsirkiya ɗaya a kan dandamali ta zama bala'i. Sifirin ya rinjayi sauran biyar, duk muryarsu ta hau. A jita mai kafaffen jaki kamar Telecaster makaɗi zai lallaɓa ya ƙarasa waƙar. A nan babu lallaɓawa, sai mai gyara ya miƙo wata jitar daga gefen dandamali, a saite, cikin daƙiƙoƙi.

Canjin tsirkiya kuma yana da tsarinsa. A fara sa ɗan katako tsakanin dunƙulen ƙarfen jaki da jikin jita ta baya don kada ya motsa, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. A datse ƙwallon bakin tsirkiya da filaya, a zura bakin cikin sirdinta, wato mazauninta a kan jaki, a ɗaure da alanki mai milimita 3. Nan ne sabon shiga ke ɓarna: yana murɗawa da dukan ƙarfinsa har ɗan ƙarfen da ke matse tsirkiyar ya tsage ko ya buɗe ya maƙale a cikin sirdi. Da ka ji ya kama, ƙara kaɗan ya isa. Ƙananan notinan gyaran murya na kan jaki a mayar da su tsakiya tun farko, in ba haka ba za ka kulle wuya ka tarar babu sauran wurin juyawa. A jajja sababbin tsirkiyoyi har su daina sauka, makullin wuya ya zo a ƙarshe. Idan murya tana hawa da zarar an kulle, ɗan ƙarfen da ke danne tsirkiyoyi a bayan makullin ne bai sauka sosai ba.

Aikin da ya fi cin rai shi ne daidaita tsawon tsirkiya don murya ta tsaya daidai a ƙarfe na 12 na wuya. Sai an sassauta tsirkiyar, a kwance sukurun sirdi da alanki mai milimita 2.5, a tura sirdin kaɗan, a ɗaure, a sake saiti. Ka kwance shi tsirkiya na ɗaure, sirdin ya zabura gaba.

Kaifin farantin da ke zaune a kan ƙusoshin nan biyu shi ne ran jakin. Kada a juya ƙusoshin don ɗaga tsirkiyoyi ko sauke su alhali suna ɗaure, yin haka na cinye kaifin, daga nan jaki ya daina komawa mazauninsa. Ɗigon mai a wurin duk canjin tsirkiya yana taimakawa, kuma a goge gumi bayan wasa, don sukurun sirdi ne ke fara tsatsa. A nan ne Original ya fi samfurin Special mai araha, wanda sirdunansa da dunƙulensa na haɗin zinki ne, zaren sukurunsu yana saurin cinyewa.

Mai yawan sauke tsirkiya ta shida zuwa muryar D a tsakanin waƙoƙi zai sha wuya, sai dai ya sa D-Tuna, 'yar na'urar da ke sauke tsirkiyar nan take, ita kuma tana so a tokare jakin ya zama ƙasa kawai yake zuwa, kamar yadda Van Halen ya saita nasa. Wanda ba ya taɓa sandar sai jefi-jefi, ko jita ɗaya tak gare shi, ya nemi jaki kafaffe. Mai saye kuma ya auna faɗin wuyan jitarsa tukuna, domin makullin R2 na wuya mai kusan milimita 41 ne, R3 na mai kusan 43.