Silaida mai ɗaurin bol a a-kori-kura: ƙarfen ya yi, rigimar tana wurin ɗauri

Zirin bodin da ke ƙarƙashin ƙofofin a-kori-kura, tsakanin tayar gaba da ta baya, falle ne siriri, kaurinsa wajen milimita ɗaya. Idan mota ta zame daga kan dutse ta zauna a kansa, lotsawa yake yi, ƙofa ta daina rufuwa daidai, gyaran kuma sai da yanka da walda da fenti. Don kare wannan wuri ake saka silaida, wato dogon ƙarfen da ake kafawa a jikin shasi, ƙashin ƙarfen da bodi ke zaune a kansa, ya miƙo waje, dutse ya same shi maimakon bodi, motar ta silale ta wuce. Kada a haɗa ta da matakalar da ke zuwa da mota daga kamfani. Ita matakala nauyin mutum aka yi ta ta ɗauka, kuma sau da yawa a jikin bodi take ɗaure, in ta daki dutse da kanta za ta lanƙwashe ta cusa kai cikin abin da ake son karewa.

Irin da ake dubawa a nan ita ce mai ɗaurin bol, wadda ba ta buƙatar walda, ta mota mai ƙofa huɗu. Abin da aka saba samu a kwali: silaida biyu, dama da hagu, kowace da ƙafafu uku ko huɗu da aka riga aka yi musu walda da faranti a ƙarshe, sai jakar bol da noti da washa, da farantan tokare na bayan shasi, da takardar bayani. Kowane gefe kan kai kilo 20 zuwa 30, don haka a cire wannan nauyi daga kayan da motar ke iya ɗauka.

Ta fuskar ƙarfe, da wuya a samu abin kushewa a masu kyau. Bututun waje yawanci faɗinsa inci 1.75 ne, wato kusan milimita 44, kaurin bangonsa inci 0.120, kusan milimita 3. Akwai wanda ake kira DOM, wanda aka sake ja a sanyi bayan an naɗe shi, ya fi tauri kuma ya fi jure lotsawa, akwai kuma HREW, wanda ba a sake jansa ba, mai sauƙin kuɗi, wanda dutse mai kaifi kan bar masa tabo. Ga mai shiga daji jefi-jefi, HREW ya wadatar. Mai jan mota a kan duwatsu kowane mako shi ya kamata ya nemi DOM. Masu saye kan ɓata lokaci suna gardama a kan wannan, alhali ba bututu ne ke fara ba da kai ba. Ƙafa ce, ko faranti, ko bangon shasin kansa.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce bakin silaida ya fito santimita 30 daga shasi, kuma nauyin tan ɗaya ya sauka a kansa. Murɗar da ke isa gindin ƙafafu ta kusa niyuton-mita 3000. Dutse na tura baki sama, saman faranti na danna shasi, ƙasansa na neman ɓallewa. In tazarar da ke tsakanin bol na sama da na ƙasa santimita 10 ce kacal, jan da bol na ƙasa ke sha ya kai kimanin tan uku, kuma ba kasafai yake rabuwa daidai a kan duk ƙafafun ba, mafi kusa da dutsen ita ke shan kaso mafi yawa. Shi ya sa faranti mai tsayi, mai kaurin milimita 5 ko 6, ya fi gajere, kuma wanda aka lanƙwasa ya rungumo ƙasan shasi ya fi shimfiɗaɗɗe nesa ba kusa ba, domin shi ƙarfen ne ke ɗaukar turin sama, ba wuyan bol ba. A duba kuma ko akwai ƙaramin ƙarfe mai kusurwa uku da ya tokare ƙafa da faranti. In babu, waldar wurin ce za ta fara tsagewa.

Kafin a biya kuɗi a leƙa ƙarƙashin motar, don shasi iri biyu ne. Na Hilux rufaffe ne kamar akwati. Na Toyota Tacoma ta 2005 zuwa 2023 rufaffe ne a gaba, amma daga tsakiya zuwa baya a buɗe yake ta ciki. Buɗaɗɗen ya fi sauƙin aiki, hannu na shiga, ana sa farantin tokare a baya a ɗaure noti. Rufaffen nan ne ake yawan ɓarna. Idan dogon bol ya ratsa bango biyu kuma babu komai a tsakani, ɗaurewa na matse bangwayen ne su lotsa ciki. Sufana za ta nuna ya ɗauru, bayan 'yan kwanaki kuma ka ji ƙaf-ƙaf a kowane rami. Maganinsa bushin ƙarfe, guntun bututu mai kaurin bango da ake zurawa ya tsaya tsakanin bangon biyu bol ya bi ta cikinsa. Silaidar da aka yi wa rufaffen shasi da bol mai ratsawa amma ba ta zo da bushin ba, aikinta bai cika ba, komai kyan fentinta. Wasu kamfanoni na kauce wa wannan da noti mai dogon mariƙi da ake zurawa ta ramin da ke jikin shasi. Yana aiki, sai dai yana cin rai, kuma in ya kuɓuce ya faɗa ciki, sai da maganaɗisu za a kamo shi. Notin da ake matsewa cikin rami kamar ribiti kuwa, ya isa riƙe murfi ko waya, bai isa riƙe nauyin mota ba.

Aikin ɗaurin na mutum biyu ne, ko mutum ɗaya da jak mai taya da guntun katako, kuma awa biyu zuwa huɗu yake ci idan babu huda. A ajiye mota a daidaitaccen wuri, a ja birkin hannu, a sa wa taya waigi. In akwai matakala a cire. A wanke shasin sosai, laka da tsatsa su fita, domin farantin da ya zauna a kan busasshen taɓo zai saki da zarar taɓon ya niƙe. Duk inda tsatsa ta ci a goge a shafa fenti ya bushe tukuna.

Sannan a bi bayan shasin da fitila da hannu. A nan bututun birki da na mai da wayoyi ke bi, galibi a gefe guda, ga kuma tankin mai da igiyar birkin hannu. Wasu maƙallan dole a kwance su a ɗaga bututun kaɗan farantin baya ya shiga ƙarƙashinsu, a mayar da su yadda babu inda ƙarfe ke gogar bututu. Bututun birkin da ya jingina da bakin faranti ba ranar zai huje ba, sai bayan watanni na girgiza, kuma ba ya ba da sanarwa.

Ramukan kamfani masu tiredi akwai tarko a cikinsu. Motocin Toyota kan yi amfani da tiredi mai ƙananan haƙora, bol M10 da M12, wato masu kaurin milimita 10 da 12, masu tazarar haƙori milimita 1.25, bol ɗin kasuwa kuwa galibi 1.5 ne a M10, 1.75 a M12. Zai shiga zagaye biyu ya cije, in aka tilasta masa da sufana tiredin ya mutu. A fara share ramin da abin gyaran tiredi mai daidai awon, a gwada bol da yatsu kawai. Wanda bai shiga da yatsu ba, kada a sa masa ƙarfi.

A ɗora silaida a kan jak a ɗaga ta ta manne da shasi, a sa dukkan bol ɗin, kowane zagaye uku ko huɗu, kada a ɗaure ko ɗaya tukuna. Mai ɗaure na farko tun kafin na ƙarshe ya shiga, zai kwance duka ya sake. Yanzu ne ake auna tazarar da ke tsakanin silaida da leɓen bodi, wannan siririn ƙarfen da ya leƙo ƙasa inda aka haɗe fallayen ƙasan ƙofa. A bar aƙalla milimita 12, gaba da baya daidai. Bodi a kan robobi yake zaune, yana motsi daban da shasi, ita ma silaidar tana ɗan lanƙwasawa sama in ta ɗauki nauyi. Tazarar milimita 5 ta fi kyau a ido, amma a hanya za ta riƙa buga bodi, a kan dutse kuma ta murƙushe leɓen. A nan takardun bayani da yawa ke gazawa, su nuna hoton bol su yi shiru kan tazara.

Idan sai an huda, silaidar ce ma'auni: a daidaita ta, a matse ta da kilam, wato mamatsin ƙarfe, a buga alama ta cikin ramin farantin. A gefen shasi ake huda, ba a leɓensa na sama ko na ƙasa ba, don su ke ɗauke da lanƙwasar motar, rami a wurin kan zama mafarin tsagewa. A fara da bakin milimita 5, a ƙare da 13 in bol M12 ne, a hankali, da ɗigon mai, a kuma sa guntun falle a baya ya tare bakin diril kada ya faɗa wa bututu ko waya. A goge bakin ramin a shafa fenti.

Bol ɗin ya zama mai lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a kansa, marar lamba a ajiye shi gefe. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a nufi gaba da baya, sau biyu, na farko rabin ƙarfi. In kamfani bai ba da awo ba, busasshen M10 mai 8.8 na son kusan niyuton-mita 50, M12 mai 10.9 kusan 115 zuwa 120. In an shafa man hana cijewa a rage kamar kashi ɗaya cikin biyar, don tiredi mai santsi ya fi jan bol a awo ɗaya. Da sufana mai awo ake gamawa. Bindigar iska ta ɗaure bol ba ta san iyaka ba.

Gwajin gaskiya shi ne a sa jak a ƙarƙashin silaida, kusa da ƙafa, a ɗaga har taya ta bar ƙasa, ba tare da kowa ya shiga ƙarƙashi ba. A duba ko ta taɓa bodi, a buɗe ƙofofi a rufe. Da aka sauke ya kamata ta koma inda take. In ta tsaya a sama, faranti ya zame ko bangon shasi ya lotsa. Bayan kilomita 150 ko fitar daji ta farko a sake bin kowane bol da sufana, a ja layin fenti daga kansa zuwa faranti, wanda ya juya ido zai gani.

Gwiwar da wasu silaidu ke da ita a baya, wadda ta ƙara fitowa waje, tana ture gindin mota daga dutse ko kututture a lokacin kwana, kuma a doguwar mota ta cancanci ƙarin kuɗinta, sai dai tana shafa wa mai fitowa laka a wando. Fentin hoda da ake gasawa ya fi kyau ranar farko, amma dutse na ɓantare shi, ruwa ya shiga ƙarƙashi. Mai shirin goga ta da gaske gara ya sayi tsurar ƙarfe ya fesa fenti da kansa, duk inda ya kuje ya sake fesawa. Mota mai jakar iska ta gefe kuma, wato wadda ke buɗewa lokacin haɗari, a tambayi kamfanin ko ya gwada silaidar da ita.

Silaida mai walda ta fi wannan rashin motsi, ba ta kuma da bol da zai saki, amma cire ta sai da yanka, zafin walda kuma na ƙone fentin cikin shasi inda hannu ba ya kai. Mai bol, in farantinta ya rungumi ƙasan shasi, ƙafafunta na da tokare, bushin ya zo a kwali in shasin rufaffe ne, za ta ɗauki motar da kayanta, kuma ranar da ta lanƙwashe gefe ɗaya kawai za a kwance a sauya. Wadda ta rasa biyu daga cikin ukun nan, a saye ta a matsayin matakala, kada a sa mata jak.