Kwana uku a gidan mai tsaron ƙofa na zamanin Victoria: gini ya burge ni, sanyi ya gasa mu

Tun da muka dawo birnin Leeds na Ingila da zama nake ganin irin waɗannan ƙananan gidaje a bakin manyan gandaye, masu dogon bututun hayaƙi da rufi mai tsini, ina cewa wata rana sai na kwana a ɗaya. Da hutun rabin zango na watan Fabrairu ya zo, sai muka kama ɗaya a arewacin Yorkshire na kwana uku, ni da maigida da yara biyu. Kuɗin dai kun san yadda yake a lokacin hutu, ba sai na faɗa ba.

Wallahi da muka isa na daɗe a tsaye ban shiga ba. Gidan bai fi zauren wani attajiri girma ba, amma an zuba masa ado kamar ɗan ƙaramin coci: dutse sassaƙaƙƙe, tagogi masu kan baka da ƙananan gilasai da aka haɗa da darma, katako mai zane a gefen rufi, ga tambarin masu gandun a saman ƙofa. Rufin fallayen baƙin dutse ne, irin wanda jirgin ƙasa ya riƙa kwasowa daga Wales zuwa ko'ina a Ingila a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Ƙyauren ƙarfen yana nan a gefe tsakanin ginshiƙai biyu, sai doguwar hanya mai itatuwa da ta miƙe ciki. Na ce wa maigida, "Abban yara, ko nan kaɗai muka gani kuɗinmu bai tafi a banza ba."

Da na san abin da ke tafe da ban yi saurin magana ba. Wajen ƙarfe tara na dare injin ɗumama gida ya mutu. Muka danna duk abin da takardar ta ce a danna, shiru. Na kira lambar gaggawa ta kamfanin da ke ba da hayar sau shida, ba wanda ya ɗauka. Bangon dutse ya yi sanyi ƙalau, gilashin tagar falle ɗaya ne, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa tana kaɗa labule. Akwai murhun itace a falo, amma ko sili ɗaya ba a ajiye mana ba. Ƙaramar 'yata mai shekara uku ta fara tari. Muka haɗu mu huɗu a gado ɗaya, da rigunan sanyi da safa, na lulluɓe yaran har da dardumar salla. Ban runtsa ba. Da asuba ruwan alwala kamar yankan reza, sai da muka dafa a buta.

A daren nan ne na riƙa tunanin mutanen da aka gina wa gidan. Yawanci mijin yana aikin lambu ko gadin dajin farauta na mai gandu, matar ce ke sauraron ƙarar keken doki, ta fito da gudu ta buɗe ƙyaure, ko da tsakar dare ne, ko ana ƙanƙara. Ladanta sau da yawa shi ne wurin kwanan. Duk adon nan da ya ɗauke min hankali don idon baƙo aka yi shi, ya san gidan wa zai shiga tun daga bakin ƙofa. Ciki kuwa ɗakuna ne 'yan ƙanana, matakala ƙunci, a nan aka raini yara rututu. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Da safe wata dattijuwa da ke share gidan ta zo, ta ga halin da muke ciki, ta koma gidanta ta ciko mota da itace da barguna. Ita ta kunna mana murhun da hannunta, ta nuna min yadda ake buɗe maƙogwaron bututun don kada hayaƙi ya dawo ɗaki. Allah ya saka mata da alheri. Ita ce kuma ta bayyana min cewa gidan yana cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, a daraja ta biyu, don haka ko taga ba a sauyawa sai da izinin ƙaramar hukuma. Babban gidan masu gandun ma, in ji ta, an rushe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamar ɗaruruwan irinsa da haraji da tsadar gyara suka gagari masu su a shekarun 1950. Muka bi hanyar itatuwan har ƙarshe, ba komai sai ciyawa da tumaki. Gidan bara ya rayu, na ubangida ya tafi. Da wuta ta kama da yamma, haskenta na wasa a kan gilasan nan, har na ji zuciyata ta sauko, na ce zan iya sake zuwa.

To amma doka ta hana sauya taga, ba ta hana ajiye itace ko ɗaukar waya ba. Mai gyaran injin sai rana ta uku ya zo, muna haɗa kaya. Na rubuta wa kamfanin, bayan mako biyu suka amsa da cewa tsohon gini dama sai da haƙuri, suka yi min tayin ragi idan na sake kamawa. Ko fam ɗaya ba su mayar ba, kuma 'yata sai da ta yi kwana goma tana tari. Tauraro biyu na ba su a matsayin maki, biyun ma na magina da dattijuwar nan ne. Mai son zuwa ya bari sai watan Yuni, kuma ya tambaya a rubuce ko akwai itace kafin ya biya.