Intanet a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Wane Tsari Ya Kamata Fasinja Ya Saya?

A yawancin manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, intanet abu ne da ake sayarwa daban da kuɗin tikiti, ɗan abin da ake bayarwa kyauta kuwa yana da iyaka. Tun da kamfanin Royal Caribbean ya sanar da komawa kan Starlink, tsarin intanet ta taurarin ɗan'adam, a watan Agustan 2022, Carnival kuma ya bi sahu a farkon 2023, sauri ya ƙaru ƙwarai, domin taurarin Starlink suna shawagi ne a nisan kilomita kusan 550 daga doron ƙasa, alhali tsofaffin taurarin ɗan'adam da jirage suka daɗe suna dogaro da su suna can sama da kilomita 35,000. Don haka abin da ya kamata mai saye ya fi bincikawa yanzu shi ne yadda jirgin yake gane na'urarsa, da kuma yadda yake ƙidaya masa lokaci.

Kowace waya ko kwamfuta tana da lambar shaida da ake kira adireshin MAC, wadda take nunawa duk lokacin da ta hau Wi-Fi. Da zarar fasinja ya buɗe shafin shiga ya rubuta bayanan da aka nema, kamar lambar ɗakinsa ko lambar sirrin da aka ba shi, sai jirgin ya ɗaure wannan adireshin da asusunsa. Da haka ake sanin na'ura nawa yake amfani da su da kuma mintunan kyauta nawa ya cinye. Inda matsala take shi ne, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙiro adireshi na daban ga kowane Wi-Fi domin kare sirrin mai su. Idan mutum ya taɓa wannan saitin a tsakiyar tafiya, jirgin zai ɗauki wayarsa a matsayin baƙuwa, ya nemi ya sake shiga, wani lokaci ma ya hana shi.

Tsarin da na fi yarda da shi shi ne na na'ura ɗaya, na tsawon tafiyar gaba ɗaya, wanda aka ɗaure da asusun mutum maimakon wayarsa. Haka Royal Caribbean yake yi da tsarinsa na VOOM, haka ma Carnival. Mutum zai yi hira da iyali ta waya da safe, da rana ya shiga da kwamfuta ya duba aikin ofis, wayar ta sauka da kanta ba tare da an caje shi ko sisi ba. Miji da mata ma suna iya yin karɓa-karɓa idan sun haƙura da jiran juna. Babu agogon da ke bin mutum, kuma idan waya ta faɗa ruwa ko adireshinta ya canza, kuɗinsa bai bi ta ba. Ana samun ragi idan an saya kafin ranar tashi. A Carnival hawa uku ne: Social na WhatsApp da Facebook da ire-irensu, Value na buɗe shafuka da imel, sai Premium wanda shi ne ya dace da mai kiran bidiyo.

Kamfanin MSC kuwa yana ɗaure tsarinsa da na'urar da aka fara shiga da ita, ba a sauyawa, wannan kaɗai ya sa ban sa shi a gaba ba. Kamfanonin Virgin Voyages da Viking suna haɗa Wi-Fi a cikin kuɗin tikiti, sai dai ba don intanet ake zaɓar jirgi ba.

Tsarin mintuna shi ne wanda ya taɓa ƙona ni, a wani jirgi da ba sai na ambaci sunansa ba. Kulle waya ko sa ta a aljihu ba ya tsayar da ƙidayar, sai an koma shafin shiga an danna fita, kuma babu wanda ya bayyana mana haka a ranar farko. Na ga layin fasinjoji a teburin ƙorafi, kowa da waya a hannu yana nuna wa ma'aikaci allon da ke cewa mintunansa sun ƙare alhali barci yake yi. Duk wanda aka ba irin wannan kyautar ya kashe sabunta manhajoji da tura hotuna ta atomatik kafin ya shiga.

Barin layin waya a buɗe ya fi duk wannan haɗari, domin jirage da yawa suna da turken sadarwa nasu da ke fara aiki idan an yi nisa da gaɓa, kuma farashinsa ya ninka na ƙasa nesa ba kusa ba. A sa waya a yanayin jirgin sama, a kunna Wi-Fi kaɗai.

Sai batun 'yan damfara, waɗanda suka san cewa fasinja yana jin zafin farashin. Akwai masu tallar manhajojin da wai suna canza adireshin MAC domin a riƙa samun sabbin mintunan kyauta. Inda aka ɗaure kyautar da lambar ɗaki, canza adireshi ba ya ƙara ko minti ɗaya, manhajar kuma tana iya kwashe bayanan da ke cikin wayar. Akwai masu sayar da lambobin shiga a rabin farashi, waɗanda ko dai na bogi ne ko kuma na wani fasinja ne da aka sace, kuma jirgin yana da bayanin na'urar da ta yi amfani da su. A tashoshin da ake tsayawa ma ana iya kafa Wi-Fi mai suna shigen na jirgin, da shafin shiga na ƙarya da ke neman lambar katin banki. A cikin jirgi kuɗin intanet kan hau asusun ɗaki ne, saboda haka duk shafin da ya nemi lambar kati abin tuhuma ne. Masu ba da shawarar a ɓoye na'urar rarraba intanet ko ƙaramin farantin Starlink a cikin jaka su ma ba taimako suke yi ba, domin Carnival da Royal Caribbean duka sun sa su a jerin kayan da aka haramta shiga da su, kuma ana ƙwacewa idan an gani.