Gogayya Da Tsufa: Lalacewar Waya Iri Biyu A Jirgin Sama

Ƙanena, ka ce a kwalejinku ta Zariya kana jin ana cewa "waya ta goge" ana kuma cewa "waya ta tsufa", kana tambaya ko abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ko da yake duka biyun tartsatsi suke haifarwa.

Gogayya ciwo ne na wuri guda. Damin waya ya jingina da gefen ƙarfe, ko bututun mai, ko maƙallin da robarsa ta cinye, jijjigar jirgi tana ta aikinta har rigar wayar ta sille. Tana barin shaida: wuri ya yi sheƙi, ko ka ga baƙin gari kamar na fensir a kusa. A watan Mayun 1998 FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, ta tsayar da tsofaffin Boeing 737 har sai an duba su, saboda wayoyin famfon mai sun goge a cikin bututun da ke bi ta tankin fiffike. A Afrilun 2008 kuma American Airlines ta soke tashi sama da 3,000 don a sake ɗaure wayoyin ramin tayar jiragenta MD-80. Ƙananan abubuwa irin su tazarar ɗauri ne fa suka jawo wannan asara.

Tsufa kuwa ba ta zaɓar wuri. Zafi da laima da man haidirolik suna lalata rigar a ko'ina, ta yi tsaga ƙanana waɗanda tocila da madubi ba sa kamawa. Wata irin rigar waya da ake kira Kapton ta yi ƙaurin suna a nan: idan tartsatsi ya taɓa ta sai ta koma gawayi, gawayin ya ɗauki lantarki, wuta ta bi damin tana ci.

Ni dai tsufar ta fi tsorata ni. Gogayya tana da mai laifi. Ka nemo shi, ka canza maƙalli, ka ba wayar sarari, ka gyara ta yadda littafin kamfani ya ce. Naɗa salatif ka bar abin da ke gogar ta, yaudarar kai ce. Tsohuwar waya kuma ko lanƙwasa ta don dubawa kan iya tsaga ta.

Mu ma masu gyara muna da namu alhakin. Bayan faɗuwar jirgin TWA 800 a 1996, inda mutum 230 suka rasu, masu bincike sun leƙa wasu tsofaffin jirage suka tarar da garin ƙarfen huda da ƙura kwance a kan damin wayoyi. Jirgin Swissair 111 shi ma ya faɗi a 1998 da mutum 229. Daga nan ne FAA ta fitar da dokar EWIS, wato ta tsarin wayoyin lantarkin jirgi, a 2007, aka fara ɗaukar waya a matsayin sashe mai zaman kansa. Idan za ka huda ƙarfe kusa da dami, rufe shi da leda tukuna, ka zuƙe garin kafin ka mayar da murfi.