Gargaɗi: ku karanta sikeli da idonku kafin ku biya

Jama'a, ina jan kunnenku kan wata cuta da aka yi mini a wurin sayen kayan abinci, don na tabbata ba a kaina aka fara ba. Mai kayan bai taɓa sikelinsa ba, sikelin lafiyarsa ƙalau. Da baki da lissafi ya cuce ni, ina tsaye ina kallo.

Shinkafa na je saye, kilo biyu da rabi nawa, sai kilo ɗaya da kwata uku na maƙwabciyata da ta ba ni saƙo. Sikelin irin mai nuna lamba ne. Ya zuba ta farko, lamba ta tsaya a 2.050, ya nuna da yatsa ya ce, "Hajiya, ga biyu ga hamsin, biyu da rabi ke nan." Na ga biyu, na ga hamsin, na gyaɗa kai. Alhali kilo ɗaya giram 1000 ne, rabinsa giram 500, don haka abin da ya kamata in gani shi ne 2.500. Sifilin nan da ya shiga bayan ɗigo ya cinye mini giram 450.

Ta biyun ta fi ba ni takaici. Kwata uku ana rubuta shi ¾, uku a sama huɗu a ƙasa. Sai ya tsayar da sikeli a 1.340, ya ce, "Ɗaya, uku, huɗu, kin gani ko?" Wallahi a lokacin sai na ji kamar daidai ne, ga mutane a bayana suna jira, shi kuma har ya fara ɗaure leda. Kwata giram 250 ne, uku ɗinsa 750, ke nan 1.750 ya kamata ya fito. Nan ma giram 410 sun tafi.

Da aka zo haɗa kuɗi ya ce duka kilo huɗu da rabi ne. Ku zauna ku yi shi a tsanake: biyu da ɗaya uku. Rabi kwata biyu ne, a haɗa da kwata uku ya zama kwata biyar, wato kilo ɗaya da kwata. Jimla huɗu da kwata. Ya ƙara wa kansa kwata guda a baki kawai. Da na isa gida na ɗora a kan ƙaramin sikelin kicin, ledoji biyun suka ba ni 3.390. Na biya kuɗin kilo 4.500, an tauye ni kilo ɗaya da giram 110, kuma ni ce zan je in yi wa maƙwabciyata bayanin inda tata ta tafi.

Washegari na koma da ledojin a ɗaure yadda ya ba ni. Ya ce kuskure ne. Kuskuren da sau uku a jere yake faɗawa aljihun mutum ɗaya, ni ban yarda da shi ba. Ya dai cika mini, yana ta ƙunƙuni.

Don Allah ku riƙe waɗannan a ka: kwata .250, rabi .500, kwata uku .750, sulusi kuwa wajen .333. Sulusi ya fi kwata yawa duk da cewa huɗu ya fi uku, domin abin da aka raba gida uku kowane kaso ya fi girma. Kafin a zuba komai ku duba sikeli yana kan sifili bayan an ɗora kwanon awo, in ba haka ba har nauyin kwanon za ku biya. In kuka aiki yaro, ku rubuta masa adadin da giram a takarda, 2500 ko 1750, ku ce kada ya miƙa kuɗi sai ya ga lambar a kan sikeli.