Dala ko Goron Dutse: wanne za ka hau da baƙo?

Duwatsu biyu ne a cikin ganuwar Kano, dukansu masu shimfiɗaɗɗen kai da jan marmara. Amma in baƙo ya ce in zaɓa masa ɗaya, Dala zan kai shi.

A gindin Dala garin ya tsiro. Tun wajen ƙarni na 7 maƙera ke haƙo tama suna narka ƙarfe a wurin, ƙananan ƙauyuka na manoma da mafarauta suka yi ta taruwa kewaye da shi. Nan Barbushe ya yi bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a 999. Yau akwai matakala har sama. In ka kai, sai ka ga gidaje sun cushe ba masaka tsinke, ga Madabo, ga Kasuwar Kurmi, ga hasumiyoyin Babban Masallaci can nesa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shara da zaizayar ƙasa da ke cin gefen dutsen, gine-gine kuma sun matso har jikinsa.

Goron Dutse yana yamma. Kewayensa ya daɗe yana gonaki da makiyaya, domin ganuwa ta haɗa har da filin noma saboda lokacin yaƙi. Yanzu unguwa ce sosai, ga gidan yari, ga masallacin marigayi Isyaku Rabi'u. Mai son ganin yadda birni ya haɗiye karkara, nan ya dace da shi, musamman bayan la'asar in rana ta yi sanyi.