Sirdin bishiya ɗinkin gida: ya yi daɗin zama, amma ba shi na ba amanar raina ba

A nan jihar Michigan, masu farautar barewa da yawa daga kan bishiya suke dako. Barewar nan mai farar wutsiya hancinta da kunnenta sun fi idonta kaifi, shi ya sa maharbi kan hau kamar mita shida, inda iska za ta ɗauke warinsa ta saman dabbar. Tsohuwar hanya ita ce a saɓo kujerar ƙarfe a ɗaure ta a jikin itace. Wadda ta yi tashe yanzu kuwa ita ce sirdin bishiya: wani yadi mai ƙwari da ke tallafe mazaunai da ƙugu, da igiya da ta taso daga gabansa ta zagaye bishiyar daidai goshinka. Kana fuskantar gangar jikin itacen, ƙafafunka a kan ɗan dandamali, ka kishingiɗa baya igiya ta riƙe ka. Wani sanannen maharbin jihar nan, John Eberhart, ya daɗe yana farauta a haka tun kafin kamfanoni su yi wa abin caa.

Kuɗi ne ya sa na ɗinka nawa. Sirdin kamfanoni irin su Tethrd da Trophyline yakan kama daga dala 200 zuwa 300, ba a ma zo maganar igiyoyi da dandamali da sandunan hawa ba. Nawa bai kai dala 100 ba, kuma fiye da rabin kuɗin ya tafi ne a kan abu guda da na ƙi yarda in haɗa da hannuna, wato sabuwar ɗamarar masu hawan dutse, mai tambarin gwaji da ranar ƙira a jikinta. Sauran kayan, yadin Cordura ne irin na jakar sojoji, da ɗamarar nailan mai faɗin inci biyu kamar bel ɗin mota. Na zagaye bakin yadin da ita ba tare da na yanka ta a tsakiya ba, na bar kunnuwa biyu hagu da dama. Keken ɗinkin gida ya riƙa tsallake zare a inda ɗamarar ta ninku, sai na kai wa wani mai ɗinkin kujerun mota ya bi ta da babban keke da zare mai kauri. Igiyar da ta haɗa kunnuwan biyu, wadda ake kira gada, da wata siririyar igiya mai suna AmSteel na yi ta.

Na yi kakar farauta da kwari da baka da shi, wadda ke buɗewa ranar 1 ga Oktoba, na kuma shiga kakar bindiga ta 15 zuwa 30 ga Nuwamba. Ga abin da jikina ya faɗa mini.

Abu na farko da za ka ji shi ne rashin nauyi. Yadin yana naɗewa ya shige aljihun jaka, kuma babu ƙarfen da zai yi ƙara idan ka kutsa cikin sarƙaƙiya da duhu. Doka ta yarda a fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, don haka nakan yi sallar asuba a gindin bishiyar sannan in hau, kuma ban taɓa jin kayan sun takura mini a ruku'u ko sujada ba. Kujerar ƙarfe ta fi son miƙaƙƙen itace. Shi wannan ko karkatacciyar bishiya ce, ko mai gwafa, zai zauna. A dajin gwamnati inda maharba suka yi yawa, wannan babbar riba ce, domin kai kake bin sawun barewa, ba ka tsaya neman itacen da kujera za ta karɓa ba.

Zaman kansa fa? Sa'a ta farko kamar kana cikin lilo. Daga ta biyu ne yadin ya fara matse mini ƙasusuwan ƙugu daga gefe biyu, wani irin ciwo mai taruwa a hankali har ka kasa tunanin komai sai shi. Dalilin a bayyane yake: idan gada ta yi gajarta, kunnuwan biyu sukan ja juna ciki, kai kuma kana tsakiya. Da na ƙara mata tsawo, na kuma sauko da igiyar sama daga saman kaina zuwa daidai hanci, matsin ya ragu ƙwarai. Bai tafi gaba ɗaya ba. A nan sirdin kamfani ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na zauna a na wani abokin farautata, yadinsa an yanka shi da lanƙwasa yana bin surar jiki, ga madaukai da yawa da za ka matsar da gada sama ko ƙasa. Nawa shimfiɗaɗɗe ne, bakinsa na ƙasa yana cin bayan cinya idan na zauna sosai. Abin da ya cece ni shi ne sauya zama: wani lokaci in miƙe ƙafa in jingina, wani lokaci in durƙusa gwiwoyina a jikin bishiyar. Wannan na biyun ba ya yiwuwa sai da matashin gwiwa irin na masu aikin tayil, in ba haka ba ɓawon itace zai huda maka wando da fata.

Sanyin Nuwamba ya zo da nasa. Yadin yana danne rigar sanyi a baya, iska ta riƙa shiga daidai wurin. Na ɗinka masa ƙyallen bargo daga ciki, ya taimaka, ya kuma kashe ƙarar shafa da Cordura ke yi idan ka juya. Harbi ta hagu, ga na-dama irina, ya zo da sauƙi, kuma gangar bishiyar tana ɓoye ka daga dabbar da ke tahowa. Ta dama kuwa sai ka zagayo da baka ta saman gada, abin da ke buƙatar atisaye sosai a ƙasa kafin a gwada shi a sama.

Yanzu ga inda nake so duk mai sha'awar kwaikwayona ya tsaya ya saurara. Ɗinkin nan bai taɓa ɓalle mini ko zare ɗaya ba, amma wannan ba shaida ba ce. Abin da na sani kawai shi ne yana ɗaukar nauyina ina zaune lafiya lau. Faɗuwa wani abu ne daban. Igiyoyin da muke amfani da su ba sa miƙewa, saboda haka idan igiya ta yi sako-sako ƙafarka ta zame, ko da faɗuwar ba ta kai mita ɗaya ba, fizgar da za ta sauka a kan ɗinkin ta ninka nauyinka sau da yawa. Kayan masu hawan dutse ana ja musu a na'ura har su tsinke kafin a buga musu lamba. Ƙugiyar ƙarfe mai kulle ta gaske tana ɗauke da aƙalla 20 kN (ma'aunin ƙarfin ja) a tsayenta, kusan nauyin tan biyu ke nan, kuma idan ta juya aka ja ta a kwance ƙarfin yakan sauko zuwa wajen 7 kN. Mai ɗinkin kujerun mota gwani ne, amma ba shi da wannan na'ura, ni ma ba ni da ita.

Saboda haka na raba aikin biyu. Yadin da na ɗinka aikinsa jin daɗi ne kawai. Ɗamarar hawan dutse tana ƙarƙashinsa a ɗaure, kuma madaukinta na gaba yana maƙale da igiyar sama ta wata ƙugiya dabam, da ɗan sassauci kaɗan don kada ta ɗauki nauyi sai in yadin ya saki. Ta ƙara mini zafi a cinya da ɗan ɓata lokaci wajen shiri. Na yarda da wannan farashin, domin ina da iyali da ke jiran dawowata. Raina yana ɓaci idan na ga mutum ya hau mita shida da bargo da ya ƙulle bakinsa biyu da igiya, babu komai a ƙarƙashi, yana cewa ai ya daɗe yana yi. Haka kuma ƙugiyoyin nan masu araha na rataye makulli, waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa ba na hawa ba ne, kada su kusanci wannan aiki.

AmSteel tana da ƙarfi ƙwarai ga rashin nauyi, sai dai santsi gare ta, ƙulli ba ya kama ta da kyau, dole a saƙa bakinta cikin cikinta. Ba ta kuma jure zafi, tana narkewa a wajen digiri 150 na ma'aunin Celsius, don haka ba na barin wata igiya ta goge ta da gudu. A igiyar sama ina amfani da ƙullin Prusik, wanda ke zamewa idan ka tura shi da hannu, ya cije idan nauyi ya sauka. Ranar da aka yi ruwa sannan sanyi ya daskarar da shi, sai da na cire safar hannu na murza shi kafin ya motsa, kuma na gwada cizonsa tun ina ƙasa.

A darasin koyar da maharba, wanda jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1960 zuwa yau, ana nanata cewa yawancin faɗuwa a wajen hawa da sauka take aukuwa. Shi ya sa akwai igiya ta biyu da ke zagaye bishiya daga ƙugu zuwa ƙugu, irin ta masu hawan kwakwa a kudancin Najeriya. Da ita nake hawa, kuma ba na kwance ta sai na ɗaura ta sama na jingina a kanta na ji ta riƙe. Ita ma bishiyar sai an duba ta. Tun da aka gano ƙwaron nan mai kashe itacen ash kusa da Detroit a 2002, dazuzzukan jihar suka cika da matattun itatuwa a tsaye, kuma da duhun asuba, bayan ganye ya kaɗe, da wuya ka bambance su da masu rai. Nakan zaɓi bishiyata da rana tsaka. A dajin gwamnati an hana murɗa matakan ƙarfe cikin itace, don haka sandunan hawa masu ɗauri nake amfani da su. Wayata tana aljihun ƙirji inda hannu zai kai ko ina rataye, domin wanda ya daɗe a rataye cikin ɗamara jini yakan taru masa a ƙafafu har ya suma. Uwargida kuma ta san dajin da na shiga da lokacin fitowata.

Wanda ya riga ya saba da igiya da ƙulli, yana son ya ɗanɗana wannan salon kafin ya zuba kuɗi, zan ce masa ya ɗinka, da sharaɗin ɗamara mai lamba tana ƙarƙashi, kuma ya fara zama a tsayin gwiwa daga ƙasa har jikinsa ya san kayan. Wanda bai taɓa hawa ba, ko mai son yin yini guda cur a sama, ya tara kuɗi ya sayi na kamfani. Ni dai kafin Oktoba mai zuwa zan sake yanka yadin gida biyu masu hawa kan juna don ya daina cin cinyata, in sauya gadar da sabuwa, ɗamarar kuma tana rataye a ɗaki inda rana ba ta taɓa ta, saboda hasken rana yana cinye ƙarfin nailan.